Binne Biyu a Gona Ɗaya

Bana ma ruwa ya yi nawa. Watan bakwai na manoma ya kama har ya yi kwana goma, sama tana nan fes kamar an share ta da tsintsiya. Da hantsi ina zaune ƙofar gida ina kallon maza suna wucewa a kan moto, wato babur, kowa da ɗan buhun iri ɗaure a baya, za su binne. Wanda bai san noman tudu ba, binne shi ne a shibka hatsi cikin busasshen rairayi tun ruwa bai sauka ba, a rufe, a koma gida a jira. In ruwan kirki ya zo, ka riga kowa. In yayyafi ya zo ya tsaya, ka yi asarar iri.

Akwai wata matar aure a majami'armu da ta rasa ɗanta da rani. Wata uku ke nan ba ta fita ɗaki. An kai ta likita a Mayahi, lokotoro ya ba ciwon suna da Faransanci, ya ba ta ƙwayoyi. Na aika mata ta sha, kada ta tsallake ko ɗaya. Mata suna ta shiga suna ce mata ta yi haƙuri. Ni ban ce mata haƙuri ba, don na san yadda kalmar nan take sauka a kunnen mai irin ciwon nan. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ba. Matar ɗana ce take rubuta wannan, na kuwa gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. A kai a karanta wa yarinyar, ta ji daga wadda ta taɓa zama inda take zaune.

Ƴan shekaru ne bayan an sauke tutar Nasara an ɗaga tamu. Lokacin gujiya ce ke mulki a ƙasar nan. Da kaka manyan motoci suna zuwa daga Tasawa, a kafa ma'auni a bakin kasuwa, buhuna su taru har su fi ɗaki tsawo. Malamin gona yana yawo a kan doki da igiya mai ƙulli-ƙulli, yana koya wa dattawan da suka haife shi yadda ake shibka a layi. Mata suka fara jera kwanonin tasa, samari suka fara sayen keke. Duk namijin da ya kalli fili, gujiya yake gani a ciki. Hatsi kuwa aka tura shi can kan tudu, wurin waɗanda ba su da ƙarfi.

Mu ne marasa ƙarfin. Maigidana, ban taɓa kiran sunansa ba kuma ba yau zan fara ba, Auta ake ce masa a gidansu. Kuturta ta kama shi yana saurayi. Ya yi shekara huɗu a asibitin ƴan mishan wajen Maraɗi, ciwon ya tsaya, amma ya tafi da yatsunsa. Hannun dama saura babban yatsa da guntun ɗaya, na hagu dunƙule kawai. A can ya karɓi Yesu. A can ni ma na san shi, na je jinyar gwaggota, na ji abin da ya ji, na karɓa. Ba wanda ya ba shi ni. Ni na ce ina so. Muka dawo ƙauyensu, arewa da Mayahi, mu biyu kaɗai Kirista a gari duka.

Wansa, Yaya Arzika, shi ke riƙe da gandun gidan tun rasuwar ubansu. Ya yanka mana gona a yamma da gari, tudu ne mai rairayi, da wani babban gawo a kusurwa. Ba wanda yake son gonar, don an ce aljanar nan Doguwa tana zaune a gawon. Uwarsu, Inna, tana salla, amma ba ta saki al'adar gidan ba. Kowace shekara kafin shibka ana yanka baƙar akuya a gindin itacen. Maigidana ya ce shi ya daina. Shekara biyar muna noma gonar ba yanka, muna ci.

Muna da ɗiya ɗaya, ta fari. Ran Lahadi aka haife ta, ana ce mata Ladi. Sunanta na yanka ban taɓa furta shi ba, kun san kunyar ɗan fari. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane na yi mata wasa ba. In ta faɗi a tsakar gida sai in kau da kai, maƙwabciyata Tsahara ta ɗaga ta. Haka aka koya mana, haka na yi, na kuwa yi shi da kyau.

Da bazarar shekarar nan ƙyanda ta shigo gari. Zafi ne irin wanda ruwan randa yake ɗumi tun da safe, ƙadangaru su buɗe baki a inuwar danga. Ladi tana da shekara huɗu. Ta yi kwana shida da ciwon, ran Alhamis da rana tsaka ta cika.

Ba zan ɗora wa mutanen garin abin da ba su yi ba. A makon nan kusan kowane lungu yana da tasa gawar. Liman ya zo da kansa, ya tsuguna, ya ce shi bai san yadda ake sallar irin tamu ba, kuma ba zai iya sa ta cikin maƙabartarsu ba. Mai bisharar da yake ziyartarmu yana Tasawa, tafiyar yini da rabi a kan jaki, zafin nan kuwa ba ya jira. Sai muka naɗe ta a zanena na aure, muka kai ta gona. Maigida ya ce in ɗaure masa kalme, wato fartanya, a wuyan hannu da tsumma. Ya haƙa kusa da gawon, don nan ne ƙasa take da ɗan ƙarfi. Hannunsa ba ya iya ɗaukarta a hankali, ni na sa ta. Ni na tura ƙasa. Rairayin bazara ba ya zama, kana turawa yana zamewa, ga kuraye a dajin nan a lokacin. Sai ya ce da ni, “Taka.”

Na taka. Da diddigen nan nawa na danne ƙasa a kan ɗiyata.

A zamaninmu ciwon ba shi da suna. Sai dai a ce wance ta zauna. To, na zauna. Ni da nake tashi kafin zakara, in surfa hatsi, in je rijiya sau uku, in dawo in yi daka, in dama fura, in tafi itace, in ɗora tuwo, sai ga ni kwance fuskata ga bango. Ba kuka nake ba. Da kuka ne da sauƙi. Abu ne kamar an kifa mini turmi a ƙirji. In na ji mata suna daka a maƙwabta, kowane dukan taɓarya sai in ji shi kamar saukar ƙasa. Fura ba ta wuce maƙogwarona. In dole ta fitar da ni bayan gida, a kan yatsu nake tafiya kamar mai tsallake ƙaya, don diddigena ba ya yarda ya taɓa rairayi.

Tsoron kuwa da rana tsaka yake zuwa, daidai lokacin da ta cika. Gari ya yi tsit, inuwa ta shige ƙarƙashin abu, sai gabana ya fara faɗuwa, tafin hannuna ya jiƙe, in ji kamar wani yana tsaye bayan ɗakin yana jira. Inna ce ta ba tsoron fuska. Ta shigo ran bakwai, ta zauna bakin gado, ta ce, “Ɗiyata, shekara biyar kun hana ta akuyarta. Ta ɗauki abin da ya fi akuya. Kuma kun kai mata har gindin itace da hannunku. Ke ce ta gaba in ba ku gyara ba.”

Ba da mugunta ta faɗa ba, tana hawaye. Shi ya sa ya shige ni. Na ce a raina, in fa gaskiya ne? In Yesun nan na asibiti ne kawai, bai san hanyar tudunmu ba?

Maigida shi ya koma girki. Hannunsa ba ya jin zafi, sai ya kama tukunya a kan wuta bai sani ba. Ina kwance ina jin ƙaurin fatarsa, ban tashi ba. A rubuta wannan, kada a tsallake. Na ji, ban tashi ba.

Kowace safiya yakan zauna bakin gado ya yi waƙar da aka koya musu a asibiti, da muryarsa mai kama da ta jaki mai mura, sannan ya yi addu'a. Ran nan na ce masa, “Kada ka ƙara kiran sunan nan cikin ɗakin nan.” Bai yi gardama ba. Washegari na ji shi daga waje, ya jingina da ƙyaure yana yi. Na ce, “Ba na hana ka ba?” Ya ce, “Ɗaki kika ce. Nan ƙofa ce.”

Da watan shida ya yi nisa, Yaya Arzika ya zo. Ina jin su ta danga. Ya ce, “Auta, ba faɗa ya kawo ni ba. Kai ba yatsu, matarka ta zauna. Wa zai zuba maka iri? Ka san al'ada. Gonar da damana ta same ta ba shibka a ciki, gandu take komawa. Ni gujiya zan sa. In an yi kaka ba zan bar ku da yunwa ba.”

Maigida ya ce, “Yaya, za a shibka.”

“Da mi? Da gwiwar hannu?”

Gaskiya ya faɗa. Shibka aikin mutum biyu ne. Na gaba yana tafiya da sungumi, fartanya mai doguwar ƙota, yana sara rami kowane taku. Na baya yana bi da ƙwarya, ya tsinci hatsi da yatsu uku, ya jefa, ya ja ƙasa da ƙafa, ya danne da diddige. Sara maigida yana iyawa in an ɗaure masa ƙotar. Tsintar hatsi ce ba ya iyawa, kuma ba ɗan gidan da za a bari ya bi bayan kuturu Kirista zuwa gonar Doguwa. In gonar ta tafi, mun zama masu jiran a sammana a ƙofar wansa har mutuwa, kuma kabarin Ladi ya shiga ƙarƙashin gujiyar wani.

Da la'asar ya leƙo ya ce, “Larai, lokacin binne ya yi.”

Kalmar da nake ji tun ina goye, kalmar kowace shekara. Ran nan da ya faɗe ta sai na yi amai a ƙasan ɗaki. Na ce, “Na yi nawa binnen. Ba na ƙara binne komi a duniyar nan.”

Da safe na ji yana fama da tsumma da haƙoransa, ya ɗauki ƙwaryar iri, ya fita. Haka ran na biyu. Haka ran na uku.

Ran na huɗu Tsahara ta shigo da fura kamar yadda ta saba. Musulma ce, mai baki kamar barkono, ita kaɗai ba ta taɓa ce mini haƙuri ba. Ta dire ƙwaryar ta ce, “Ke, gawar da ta ƙi tafiya, tashi ki ga abin kallo. Mijinki ya zama kaza a juye.”

Na juya fuskata ga bango, ta ci gaba.

“Kaza tana tsintar hatsi daga ƙasa ta sa a baki. Shi daga baki yake zubawa a ƙasa. Wallahi! Shina kifa fuska cikin ƙwarya, ya cika baki, ya bi rami shina tofawa. Masu zuwa itace har tsayawa suke, sun samu wasa kyauta. Jiya wani ya yi masa kukan zakara.”

Na ce, “Da wane iri?”

“Da wane kuwa? Naki. Wanda kika zaɓa zangarniya-zangarniya bara, kika hana kowa taɓawa.”

Ina so in ce ƙaunar Allah ce ta tashe ni. Ba ita ba ce, fushi ne. Irin nan daga rumbun uwata na zo da shi. Na jawo zane na ɗaura, na fita. Tsahara ta biyo ni da fura tana cewa in sha ko kurɓi ɗaya, na ƙi. A kan yatsu na taka har gona, rairayi yana ƙona ni.

Na same shi a tsakiyar tudu. Ya sara layi, ya ajiye sungumi yana lilo a hannunsa, ya durƙusa ya sa baki a ƙwarya. Leɓɓansa sun tsage. Hatsin yana manne masa a harshe don ba miyau, wani rami ya samu ashirin, wani bai samu ko ɗaya ba. Kwana huɗu, bai rufe ko kashi ɗaya cikin goma na gonar ba. Ya ɗago ya gan ni, hatsi a gemunsa.

Ya ce, “Ke ma kallon kika zo?”

Na ce, “Na zo in ga wanda yake cinye mini iri.”

“Kaɗan na haɗiye. Ba daɗi.”

Na fizge ƙwaryar. Yatsuna suka tsinta da kansu, ba su manta ba. Na jefa a rami. Na ja ƙasa da gefen ƙafa. Sai diddigen ya tsaya a sama. Na yi, na yi, ya ƙi sauka. Rana ta kusa tsaka, gabana ya fara bugawa, ga gawon can yana kallona, ga ɗan tudun ƙasa a gindinsa. Na ce, “Ba zan iya ba.”

Ya tsaya yana numfashi. Shi ba mai wa'azi ba ne, karatunsa ma da ƙyar yake haɗa baƙi. Ya ce, “Larai, tun kina shekara nawa kike binne?”

“Mi ya kawo wannan?”

“Kin taɓa rufe rami ki koma gida ki ce yau na zubar da hatsi?”

Na ce, “Hatsi ba ɗiya ba ne. Kada ka raina mini hankali.”

“Ba ɗiya ba ne. Amma Mai ita, Yesu, shi ma binne shi aka yi. Aka rufe, aka danne da dutse. Matan da suka ga an rufe suka koma gida, ina jin su ma ba su iya shan fura ba. Ba a ce mana ba su ji tsoro ba. Sun ji. Da tsoron nasu suka koma wurin, ran na uku, suka tarar ƙasa ba ta riƙe shi ba. Ya kuma ce duk nasa haka za a yi musu. Ni abin da na sani ke nan. Ban san wani abu ba.”

Na sha jin wannan. Na ji shi a asibiti, na ji shi a bakin mai bishara. Amma ban taɓa jin shi ina tsaye da ƙwaryar iri a hannu, ƙafa ɗaya a sama ba.

Na ajiye ƙwaryar na nufi gawon. Ya kira ni, ban juya ba. Rana ta tsaya daidai ka, lokacin da aka ce Doguwa tana fitowa. Na ce in tana nan, ta fito yau mu gama. Na isa, na tsaya a kan kabarin, haƙorana suna haɗuwa cikin zafin nan. Na buɗe baki na kira ɗiyata da sunanta na yanka, da ƙarfi, sau ɗaya. Shi ne na farko, shi ne na ƙarshe, kuma ba za a rubuta shi a nan ba.

Sannan na yi wa Yesu magana. Ba irin addu'ar da ake koya wa yara ba ce. Na ce, “Kai ka ce za ka tashe ta. Ban roƙe ka ka faɗa ba, kai ka faɗa. To na ji. Ga ta nan na ba ka ajiya, ka san sunanta, yanzu ka ji shi. In ka manta, ni ba zan manta ba, zan tsaya gabanka in tambaye ka. Ina jin tsoro, ka gani. Ba zan jira ya tafi ba. Ka riƙe ni in taka.”

Ban ji murya ba. Kada wani ya ƙara wa labarin nan gishiri ya ce na ji murya. Iska mai zafi ce kawai take kaɗa ƴaƴan gawo. Doguwa ma ba ta fito ba. Na jira ta har inuwa ta fara karkata. Sai kuka ya zo, wanda ya ƙi zuwa kwana arba'in, na yi shi har na ji yunwa.

Na koma inda na bar ramin. Na ɗaga ƙafa, na danne. Ƙasa ce kawai, mai zafi. Na ce da maigida, “Wuce gaba. Kuma ka daidaita layinka, ya karkace kamar hanyar mashayi.” Tsahara tana bakin gona da ƙwaryarta, na shanye furar tas, ta ce da ta sani da ta kawo ta kwana biyu.

Kwana biyar muka rufe gonar. Ba wai na warke ba ne. Kowace rana tsaka abin yana zuwa, sai in tsaya, in ce, “Ka riƙe ni,” in jefa, in taka. Na koma rijiya, na koma daka. Na fara ɗaure wa maigida ƙunar hannunsa da man shanu, ina yi ina masa faɗa.

Kwana takwas bayan haka hadari ya haɗu a gabas, ya yi ta ruri kamar zai tsaga sama, ya zubo abin da bai fi a jiƙa zane ba. Ya isa ya ta da iri, bai isa ya raya shi ba. Hatsi ya tsiro, siriri kamar allura, tudu duka ya yi kore-kore. Sai sama ta rufe bakinta kwana goma sha tara. Ina zuwa kowace safiya ina kallon shi yana naɗewa, ya yi fari, ya kwanta. Ran da na murza ɗaya ya zama gari a hannuna, na dawo gida na kwanta fuskata ga bango.

Inna ta zo ta ce, “Kin gani? Akuyar tana nan, ni zan bayar, ba sai kun saya ba.” Na ce, “Inna, na gode. Ki bar akuyarki ta haihu.” Kwana biyu na yi a kwance. Ran na uku na tuna na yi wa wani magana a gindin gawo, na riƙe shi a kan tasa, ba zai yiwu ni in saki tawa ba. Na tashi na leƙa rumbu. Abin da ya saura ƙwarya ɗaya ce da rabi, shi ne iri, shi ne abinci. Na ɗaure shi a tsumma na rataye a rufin ɗaki. Muka koma cin anza, ƴaƴan daji masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana uku ana zubar da ruwan, da ganyen jiga, da dussar da Tsahara take ɓoyowa a bakin zane. Yunwar bazara ba ta ciwo kamar yadda ake zato. Jiri take sawa, ka tashi tsaye duniya ta yi baƙi.

Ruwan gaskiya da la'asar ya zo, ran wata Talata. Iska ta fara, ta kwashe dangar mutane, sannan ya sauko kamar ana juye tulu. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, kwaɗi suka fito daga inda ba wanda ya san suna nan. Na tona da hannu a tsakar gida, laima ta wuce tsawon hannuna zuwa gwiwa.

Da sassafe gari duka ya fita. Muka isa gonarmu muka tarar an riga mu. Yaya Arzika yana tsaye da mutum uku, da jaki ɗauke da buhun irin gujiya, da igiyar layi. Cikinsu akwai wani dattijo, Baba Nomau, wanda ake kira in za a raba gona, don ya zama shaida.

Yaya ya ce, “Auta, kun yi ƙoƙari, ban hana ba. Amma ga ido ga gona. Abin da kuka sa ya ƙone. Damana ta sauka, ba shibkarku a ciki. Baba, ko na yi ƙarya?”

Baba Nomau ya duba tudun, fari fat. Ya ce, “Ba tsiro, gaskiya.”

Ni kuwa matar ƙane ce. Tun da na zo gidan ban taɓa ɗaga ido na dubi Yaya ba, balle in yi masa magana a gaban maza. Gabana yana dukan da na san shi da shi. Na ce a raina, ka riƙe ni. Na ajiye ƙwarya, na durƙusa har ƙasa yadda ya kamata, na ce, “Yaya, a gafarce ni. Akwai shibkata a ciki.”

Ya dubi maigida, ba ni ba. “Mi take cewa?”

“Binne biyu na yi a gonar nan bana. Ɗaya ya ƙone. Ɗayan yana can gindin gawo, da diddigena na danne shi, bai tsiro ba tukuna. Baba, ana karɓe gona da binnen mutum a ciki?”

Yaya ya ce, “Subhanallahi. Wanga ai kabari ne. Yaushe kabari ya taɓa tsira?”

Na ce, “Ku ma kuna cewa akwai ranar da za a tashi. Na sha jin liman yana faɗa. Ko babu, Yaya?”

Yaya mutum ne mai salla, ba zai ce babu ba.

“To ran nan zai tsira. In ya tsira na kwashe abina, sai ka zo mu yi maganar gona.”

Ɗaya daga cikin mutanensa ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Baba Nomau ya daɗe yana susar gemu. Ya ce, “Arzika, ni dai tun da nake ban taɓa ba wani gona da binnen wani a ciki ba. Ba kuma zan fara da wanga ba.”

Yaya ya tsaya har na ji gwiwoyina sun nutse cikin laima. Sannan ya ce, “Auta, matarka ta fi ka yatsu.” Ya ja jakinsa suka tafi.

Da ƙyar na miƙe. Na ɗaure wa maigida sungumi, na ce, “Sara mana, laima ba ta jiran kowa.” Muka zuba ƙwarya ɗaya da rabin nan har ƙwayar ƙarshe, ba mu bar ko na tuwon dare ba.

Dami tara muka samu da kaka. Bai kai mu wata damanar ba, mun ƙara cin anza, amma daga rumbunmu muka ci abin da muka ci. Tsoron bai bar ni ran nan ba. Ya ɗauki shekaru yana raguwa, har yau yakan leƙo da rana tsaka, in ce masa na gan ka, in ci gaba da abin da nake yi. Gonar tana hannun ɗana da na haifa bayan shekara biyu. Yaya Arzika ya rayu har ya ga gujiya ta faɗi, muka yi zaman lafiya da shi, ni na dama masa furarsa ta ƙarshe. Bai sake ta da zancen gonar ba. Ranar da na yanka masa ba ta zo ba tukuna.